Takalmin da Na Saya a Paraku

Sai da muka haye gadar Malanbil na yarda na bar gida. Duk inda motar ta tsaya kafin nan, Balleyara, Yamai, Doso, Gaya, ina jin Hausa ko Zabarmanci a bakin masu talla, sai in ga kamar ban yi nisa ba. Da kogin ya koma bayanmu, wani jandarma ya karɓi katina, ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni da Faransanci ina za ni. Na ce Kwatano. Ya ce me zan yi a can. Ni ma kaina ban sani ba. Ya miƙo mini katin, ya kira na bayana.

Sunana Isufu. Mutumin Kurfai ne ni, ƙauyenmu yana kusa da Tabla. A shekarar gero ya yi tsawo har ya fid da kai, sai ruwa ya ɗauke kafin ya yi ido. Abin da muka zuba a rumbu ba zai kai mu tsakiyar rani ba. Mahaifina ya tsufa, matata Rabi tana da goyo. Shi ya sa na tafi biɗa, kamar yadda mazan wajenmu suke yi idan damina ta ƙi.

Wanda muka zauna kujera ɗaya da shi a motar ya daɗe yana zuwa Kwatano, shi ya ba ni shawarar in nemi aikin gadi. Ya ce masu shaguna suna son mutanen arewa, don muna jure tsayuwa, amma ba sa ɗaukar mutum da silifa, sai da baƙin takalmi sau-ciki. Na dubi ƙafafuna. Tun da aka haife ni ban taɓa kulle su a cikin takalmi ba. Tafin ƙafata ya yi kanta irin ta manomi, mai kauri, wadda ko ƙarangiya ba ta cika huda ta ba, kuma ba ta taɓa yi mini ciwo ba.

A Paraku motar ta tsaya don a ci abinci. Gefen tashar akwai wani mai sayar da takalman gwanjo, ya tara su a kan buhu kamar tulin dankali. Yana jin Hausa kaɗan kaɗan. Ya zaro wani baƙi mai sheƙi, ya durƙusa da kansa ya sa mini a ƙafar dama. Ya zauna daidai, har na ji wani girma ya shige ni. Na ce ya kawo ɗayan in gwada. Daidai nan direbanmu ya fara danna oda.

"Ƙafa biyu ba uwa ɗaya ta haife su ba?" in ji mai takalmin, yana dariya. "Mota za ta bar ka, Alhaji."

Ya ƙulle su a baƙar leda, na biya, na ruga. Sai da muka sauka Kwatano na kwance ledar. Na hagu launinsu ɗaya da na dama, igiyarsu ɗaya, amma bai kai shi girma ba. Na tura ƙafata da ƙyar, yatsuna suka hau juna. Na ce a raina fata ce, za ta saki.

Kwatano gari ne da iskarsa take manne wa mutum a jiki. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka jiƙe. Babura masu ɗaukar fasinja, waɗanda suke kira zemijan, sun fi awakin ƙasarmu yawa. Na sauka a unguwar Zango, a wani ɗaki da 'yan Filinge da 'yan Dogon Dutsi suke haya tare, kowa da tabarmarsa da ƙusar da yake rataya jakarsa. Ba su san ni ba, amma da na faɗi sunan ƙauyenmu suka matsa mini wuri. Ba a daɗe ba ɗaya daga cikinsu ya kai ni wani babban shagon kayan gini. Shugaban ma'aikatan ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan takalmina, ya gyaɗa kai. Aka ba ni riga mai ruwan toka da sanda.

Aikin ba wuya gare shi a ido ba. In buɗe ƙofa idan kamiyo, wato babbar motar kaya, ya zo, in rufe idan ya fita, in zagaya filin da aka jibge siminti da rodi. Amma daga safe har yamma ba zama, kuma ba ni da safa, ban ma san amfaninta ba. Tun kwanakin farko ƙaramin yatsana na hagu ya yi bororo. Ya fashe, ya bushe, ya sake yi. Daga baya ya daina fashewa, fatar wurin ta yi tauri, ta taso, ta yi ɗan ido a tsakiya kamar ƙwayar gero. Wata kantar ta fito a ƙarƙashin yatsun, inda nauyina yake sauka. Wannan ba irin kantar gona ba ce. Idan na taka sai in ji kamar ƙaya ta karye a ciki. Na koma taka gefen ƙafa don in kauce wa zafin, sai gwiwa da kwankwaso su ma suka fara nasu.

A kusurwar titin shagon akwai wani tsoho mai shayi. Ran da na fara zama a bencinsa na ce ya ba ni shayi da burodi, sai ya tsaya da buta a hannu yana dubana.

"Kai, wanga harshe na Kurfai ne. Ɗan ina ne kai?"

Na ce kusa da Tabla.

"Ni Sanam," in ji shi. "Sunana Gado. Zauna da kyau, ɗana."

Daga ranar ban ƙara shan shayi a wani wuri ba. Baba Gado dogo ne, siriri, gemunsa ya yi fari. Ba ya yawan tashi daga bayan teburinsa, in ya tashi kuwa a hankali yake tafiya. Kullum da safa a ƙafarsa da wani takalmi mai faɗin baki, duk zafin garin. Ni na ɗauka tsufa ne. Yakan tambaye ni labarin gida, ko har yanzu Fulani suna kawo nono kasuwar Filinge da sassafe, ko an gyara hanyar Abala. Ni kuma nakan yi masa kukan abinci. Garin rogo da tuwon masara sun ishe ni, furar Rabi nake so, da kopto, kwaɗon ganyen nan namu mai ƙuli da yawa. Sai ya yi murmushi ya ce shi ya daɗe da daina tunawa da fura, don tunawar ba ta ƙosarwa.

Ban gaya masa zancen ƙafata ba. Wanda na nuna wa wani mai yankan akaifa ne ɗan ƙasarmu, irin waɗanda suke yawo suna kaɗa almakashi don a san sun iso. Ya duba yatsan, ya latsa, ya ce wannan abu saiwa gare shi, in ba a tono saiwar ba, ba zai mutu ba. Ya ɗauko reza ya fere kantar. Na ji sauƙi ƙwarai, har na yi masa addu'a. Ba a jima ba ta dawo, ta fi da tauri. Na sake nemansa. Wannan karon ya ce zai bi ta har gindi. Ya bi ta kuwa, har jini ya ɓalle. Ya danna auduga, ya ce saiwar ta fita. Ba mugu ba ne, abin da ya sani ke nan, kuma haka ya ga ana yi.

Washegari na mayar da ƙafar cikin takalmin, don ba ni da zaɓi. A kwanakin aka yi ruwa, filin shagon ya cika da taɓo, na wuni ina shiga ina fita. Yatsan ya kumbura, ya yi ja, jan ya fara hawa bayan ƙafa. Kaluluwa ta fito mini, jikina ya ɗauki zafi. Wata safiya na iso bencin Baba Gado ina jan ƙafa, na zauna, na kasa ɗaga kofin.

"Mi ya samu ƙafarka?"

Na ce ɗan ciwo ne, zai wuce.

"Hidda takalmin in gani."

Da ƙyar ya fita. Baba Gado ya sunkuya ya duba. Ya tambaye ni wa ya yanka, da me, na gaya masa. Sai ya waiwaya, ya ga ba kowa a bencin sai ni. Ya jawo ƙafarsa ta dama, ya cire takalmin, ya naɗe safar a hankali. Yatsu uku ne a ƙafar. Inda ƙananan biyun suke, da gefen ƙafar, an ɗinke, fatar ta lotsa ta yi santsi.

"Kanta ce, irin taka," in ji shi. "Dako nike yi a kasuwa lokacin. Duk Juma'a sai in sa reza in here ta da kaina. Ashe ina da ciwon suga ban sani ba. Mai suga ƙafarshi ba ta jin zahi kamar ta kowa, kuma in ta yi rauni ba ta son warkewa. Na yanke kaina ban ji ba. Wari ne ya gaya mini. Ko da anka kai ni likita, sun ce in sun bar yatsun, ƙafar duka za ta tahi."

Ya mayar da safarsa, ya sa takalmi, ya miƙe. Ya kashe wutar, ya rufe teburin da buhu, a daidai lokacin da ma'aikata suke fitowa neman shayi. Na ce masa, "Baba, cinikinka fa?" Ya tsayar da zemijan biyu.

Ƙaramar likita ce ya kai ni, wato asibitin unguwa, inda shi ma yake zuwa awo. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta yi mini Faransanci, na ɗan kama, na ɗan rasa. Da ta ji Baba Gado ya ce daga Nijar nake, sai ta ce mini "Fofo." Ashe 'yar arewacin Benin ce, Dandanci take yi, mu kuwa mutanen Kurfai muna jin Zabarmanci, harsunan ba su da nisa da juna. Ban taɓa jin daɗin gaisuwa kamar wannan ba. Ta fara huda yatsan hannuna ta auna suga, ta ce nawa lafiya lau. Na ga Baba Gado ya sauke numfashi. Sannan ta wanke raunin, ta matse mugunyar, ni kuwa na kama ƙarfen gadon ina salati. Ta yi mini allura, ta rubuta ƙwayoyi, ta naɗe ƙafar.

Na tambaye ta ko saiwar ta fita. Ta yi dariya kaɗan, ta ce kanta ba ta da saiwa. Fata ce take kare kanta. Duk inda abu yake gogar ta ko yake danne ta kullum, sai ta yi kauri a wurin, kaurin kuma ya riƙa nutsewa ciki yana sukar nama. Ko sau nawa aka yanke, in dai takalmin yana nan yana cizo, za ta dawo. Ta ɗaga takalmin hagu da yatsu biyu, ta jera shi da na dama, ta dube ni. Na ba ta labarin Paraku. Ta girgiza kai, ta ce nan gaba in zan sayi takalmi in je da yamma, lokacin da ƙafa ta gaji ta buɗe, in sa duka biyun, in yi tafiya da su a gaban mai kayan, ko da mota goma suna kirana.

Da zazzaɓin ya sauka na koma shagon da bandeji da silifa. Wani na tsaye a ƙofar, sanye da rigata mai ruwan toka. Shugaban ma'aikatan bai yi mini faɗa ba. Ya ce ƙofa ba ta jiran mutum, ya ba ni abin da ya rage na haƙƙina, ya juya. Na tsaya a titi ina kallon motoci. A ranar na yi tunanin gida fiye da kowace rana. Na tuna mahaifina yana zaune a gindin bishiyar bedi yana gyara ƙotar hauya, yana sa ran ɗansa yana can yana aiki. Na ji kunyar in kira waya.

Baba Gado ya ce in zo in zauna bayan teburinsa har in warke. Ina yanka burodi, ina soya ƙwai, ina wanke kofuna, ƙafata a kan kwali. Tare muke ci. Da raunin ya rufe sarai, sai ya fara koya mini yadda ake yi da kantar da ta rage. Bayan la'asar, in ciniki ya lafa, sai ya zuba sauran ruwan buta a roba, ya surka, in tsoma ƙafafuna har fatar ta yi laushi. Ya ba ni dutsen goge kaushi, ya ce in riƙa gogawa a hankali, kaɗan yau kaɗan gobe, in na fara jin zafi to na wuce wuri. In na tsane ƙafar sai in shafa man kaɗe, amma ban da tsakanin yatsu, don damshi yana lalata wurin. Ya yanko wani soso mai laushi daga tsohuwar katifa, ya huda tsakiyarsa, ya ce in riƙa ɗora shi yadda idon kantar zai faɗa cikin ramin, kada komai ya taɓa shi. Ba a rana ɗaya ba, amma kantar ta riƙa raguwa, har wata safiya na taka ƙasa na ji ba ƙaya.

Shi kuwa ba ya sa dutse a tasa ƙafar, an hana shi. Wankewa kawai yake yi. Kafin ya tsoma ta sai ya taɓa ruwan da gwiwar hannu, don ƙafar ba za ta gaya masa in ya yi zafi ba. Ya goge tsakanin yatsun da tsumma mai tsabta, ya zazzage takalminsa ko tsakuwa ta shiga. Yana da ɗan guntun madubi da yake duba tafin ƙafarsa da shi, amma idonsa ya fara rauni. Wata rana ya miƙo mini ƙafar ba tare da ya dube ni ba.

"Duba mini, Isuhu. Akwai ja? Akwai tsaga?"

Na riƙe ta a kan cinyata na duba ko'ina. Na ce babu. Daga ranar ya zama aikina. Mutum in kana riƙe da ƙafarsa kullum, bakinsa yakan buɗe. A haka na ji cewa matar da ya aura a Kwatano ta rasu ba su haihu ba. Na ji cewa yana kwance a likita aka aiko mahaifiyarsa ta rasu, bai je ba, bai kuma faɗi dalili ba. Da ya warke sai ya ga da wane ido zai shiga Sanam, ba dukiya, ba ƙafar noma, ga gaisuwar uwa ta wuce shi. Ya ce bari ya ɗan tara wani abu. Shekara ta bi shekara. Wayarsa ta faɗa ruwa, ya sake wata, bai nemi lambar kowa ba. Yana da ya, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Kuluwa. Bai san ko tana da rai ba.

Na ce masa, "Baba, in damina ta matso mu tahi tare."

Ya ce, "Ƙafarka ta sha ruwa ya isa. Hidda ta ka goge."

Da na samu ƙarfi, ya haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu mai kawo albasa daga arewa. Na shiga sauke buhuna. Kafin in fara, Baba Gado ya raka ni kasuwa da yamma, muka zaɓi takalmi mai faɗin baki da safa biyu, ya sa na yi ta kai da kawowa a gaban mai kayan har mutumin ya gaji da mu. Aikin albasa ya fi gadi nauyi, amma ƙafata ba ta sake damuna ba. Duk yamma ina wanke safa ɗaya in sa ɗaya. Na riƙa aika wa gida abin da ya samu, mahaifina ya sayi masara, suka ƙetare rani.

Da aka fara cewa hadari yana haɗuwa a arewa, na ɗaure kayana. Na sake yi wa Baba Gado magana, ya ce teburinsa ba shi da mai tsaro. Ran da zan tafi ya zo tasha da ƙunshi a hammata, turmin atamfa ne mai ruwan bula.

"In Allah ya kai ka Sanam, ka tambayi gidan Kuluwa, bayan masallacin Juma'a. In tana nan ka ba ta. Ka ce lahiyata lau." Ya miƙo mini ƙunshin. "Kada ka yi zancen ƙafa."

Na ce to.

Na iso gida ruwan shuka yana sauka. Muka yi shuka, muka yi noman farko, sannan na samu sarari. Ranar kasuwar Sanam na bi motar 'yan kasuwa daga Filinge. Ban sha wahalar neman gidan ba. Na yi sallama, wata jikarta ta shigar da ni. Tsohuwa ce ƙarama, tana zaune a inuwar rumbu tana tsinke yakuwa. Dogon hancin Baba Gado ne a fuskarta. Muka gaisa, aka kawo mini ruwa. Na ce daga Kwatano nake, Gado ya aiko ni. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar.

Na ajiye turmin a gabanta. Ba ta buɗe ba, ta dai ɗora tafinta a kai.

"Da idonka ka gan shi?"

"Awo, Inna. Tare munka ci, tare munka zauna. Shi ya yi jinyata."

"Wani direba ya ce muna an yanke mai ƙafahu duka biyu, shina bara ƙofar masallaci. Wani kuma ya ce ya rasu tun tuni. Ni ban yi mai sadaka ba, ban kuma daina jira ba." Ta ɗago ta dube ni. "Ɗana, kai baƙona ne, ka sha ruwan gidana. Gaya mini abin da ka gani."

Na tuna abin da na amsa a tasha. Na kuma dubi matar nan da ta shekara da shekaru tana ganin ƙanenta yana jan gindi a titi. Na ce mata ba bara yake yi ba, teburin shayi gare shi, mutane suna girmama shi. Da ƙafafunsa yake tafiya. Ciwon suga ne ya kama shi, aka cire masa yatsu biyu a ƙafar dama.

"Yatsu biyu," in ji ta.

"Biyu, Inna. Ƙananan."

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, "Saboda yatsu biyu ya bar ni na rufe uwarmu ni ɗaya."

Ta share ido da bakin zanenta. Ta tambaya ko ina da lambarsa. Na ce ina da ita. Sai da muka zagaya bayan gidan, kan wani tudu inda waya take kamawa. Ya ɗauka, ina jin ƙarar babura a bayansa. Na ce, "Baba, ni ne Isuhu. Ina Sanam. Na gaya mata." Kafin ya amsa na sa mata wayar a kunne.

"Gado," ta ce. "Ni ce."

Ban ji abin da ya faɗa ba. Na ga dai ta saurara, ta saurara, sannan ta katse shi.

"Ban tambaye ka abin da ka tara ba. Noma kuma akwai masu yi, ba shi nike kiranka ba. Mun rage mu biyu, Gado. Taho gida."

Ta miƙo mini wayar, ta juya ta gangara. Na sa a kunne. Yana nan bai kashe ba. Can ya ce, "Isuhu, ƙaƙa ta ke? Ta tsufa?" Na ce ta tsufa, amma da ƙarfinta. Ya ce to, ya kashe.

Ban sake jin ɗuriyarsa ba har aka yanke gero. Na ɗauka ya yi fushi da ni, na kuma ga yana da gaskiyarsa. Muna cikin ɗaurin dammuna ya kira, ya ce ya sayar da teburin, yana Gaya, gobe in Allah ya so zai kwana Yamai. Na aika Sanam.

Ranar da zai iso na je tashar Filinge tun hantsi. Na tarar Inna Kuluwa ta riga ni, tana zaune a kan wani dutse, sanye da atamfar mai ruwan bula, an ɗinka mata. Motar Yamai ba ta shigo ba sai bayan azahar. Mutane suka yi ta sauka, shi ne na ƙarshe. Ya riƙe ƙofar, ya sauko da ƙafar hagu, sannan ta dama, a hankali. Ya tsaya da 'yar jakarsa yana ƙifta ido cikin rana.

Ta tashi ta nufe shi. Ina lura da ita, ko sau ɗaya ba ta dubi ƙafarsa ba. Fuskarsa ta tsaya tana kallo.

"Ka yi hurhura," in ji ta.

"Ke ma, Yaya."

Ta karɓe jakar daga hannunsa, ya so ya hana, ta ɗora a ka. Motar Sanam tana can ƙarshen tashar, da ɗan nisa. Ta shige gaba, yana biye. Da ta yi 'yan taku sai ta ji ba ya kusa, ta rage sauri ba tare da ta waiwaya ba, ta sake ragewa, har ya iso kafaɗarta. Haka suka tafi a jere har bakin motar.